Ranar da Na Durƙusa wa Halilu

Halilu taubashina ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, kuma tsakar gida ɗaya muka yi rarrafe a nan Yaoundé, a unguwar Briqueterie, wadda mu 'yan unguwa muke ce wa Birik don kada harshe ya wahala. Duk wanda yake da taubashi ya san yadda abin yake. Tun muna yawo ba takalmi ban taɓa faɗa wa Halilu magana mai daɗi ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba, kuma da ɗayanmu ya yi kuskure ya faɗa, da dangi sun taru suna tambaya ko lafiya. Ni Hansai atamfa da shadda nake sayarwa a kasuwar Mokolo, shi kuwa duk inda ya zauna sai ya gaya wa mutane cewa kayana wanki ɗaya suke jira su koma tsumma. Ni kuma Makaho nake ce masa. Sunan ya samo asali ne tun yana ɗan shekara tara, ranar da wata gingimari mai ɗauke da gungumen katako ta wuce, ya bi ta da kallo yana tafiya yana waiwaye, har ya afka cikin kwata. Shekara hamsin da biyu ke nan ina kiransa haka, a gaban matarsa Azumi, a gaban surukansa, a gaban ma'aikatansa.

Mahaifinsa malamin allo ne, ya so ƙwarai ɗansa ya gaje shi. Halilu ya yi karatu har ya sauke, amma hankalinsa yana duk inda ake bugun ƙarfe. Da Kawu ya gaji da faɗa sai ya sa masa albarka, ya tafi ya koyi aikin toliye, wato masu gyaran jikin mota: in ta lotse su buga ta miƙe, in ta yage su yi walda, su shafe, su fesa fenti. Shekara goma sha ɗaya ya yi a hannun wani ɗan ƙabilar Bamileke can wajen Cité Verte. Daga nan ne Alhaji Mohaman Bello, wani Bafulatani mai fataucin shanu a Etoudi, ya sayi fili a gangaren layinmu, ya kafa rumfar kwano, ya kira Halilu ya ce, “Ni saniya na sani. Ga wuri, ka riƙe.” Garajin na Alhaji ne, amma yau shekara ashirin da huɗu in direban taksi ya bugi wani abu, cewa yake yi zai je wajen Shef Halilu, wato shugaban wurin.

Na sha yi masa gori cewa aikinsa bai wuce ya goya hannu a baya yana zagaya masu aiki ba. Tunda ba ya kusa balle ya ji, bari in faɗi gaskiya. Mutum bakwai ne a ƙarƙashinsa, duk magidanta, kowa da halinsa. Da safe shi ne mai raba aiki: wane ya buga, wane ya yi walda, wane ya je neman tsohuwar ƙofa wurin masu yanka motoci. Shi ne mai duban sama ya ce yau ba fesa, hadari na zuwa, ko da mai mota zai yi birgima a ƙasa. Shi ne mai tarar direbobi, waɗanda kowannensu yake zuwa da rantsuwa cewa shi aka buga, kuma yana son motarsa tun jiya. Halilu ba ya musu da su. Sai ya sa a kawo shayi, ya bar mutum ya gama zagin wanda ya buge shi, sannan ya ce masa Alhamis, kuma Alhamis ɗin ce.

Yana da wata ɗabi'a da ta fi ƙarfinsa. Ba ya iya wuce mota bai shafa ta ba. Sai ya ɗora tafin hannu a jikinta ya ja a hankali, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya karkata kai yana saurare. Abin da yake nema shi ne mastik, wannan kwaɓin da ake cike lotsa da shi kafin fenti. A wurinsa toliye na gari ƙarfen yake miƙarwa, ya shafa mastik sama-sama, rago kuwa sai ya lafta shi kamar mai yaɓen ɗaki. Ranar auren 'yarsa Hidaya aka neme shi wurin ɗaurin aure aka rasa, sai ga shi a bakin titi cikin babbar riga yana ƙwanƙwasa motocin dangin ango ɗaya bayan ɗaya. Da ya dawo ya raɗa mini cewa kawun ango mutumin kirki ne, amma motarsa rabinta siminti ce.

Abin da Halilu yake taƙama da shi kuwa, wanda in an taɓa an taɓa shi, shi ne haɗa fenti. Taksin Yaoundé duk rawaya ne, ni da nake cin abinci da launi ma haka nake ganinsu. Shi ya ce sam. Akwai rawayar da rana ta ci, akwai wadda ruwan sama ya wanke, akwai wadda jar ƙasar garin nan ta shiga jikinta, kuma in za ka yi wa tsohuwar mota sabuwar ƙofa dole ka tsufar da fentin tun yana cikin gwangwani. Ba ya aunawa da komai. Sai ya tsuguna ya ɗiga wannan, ya ɗiga wancan, ya juya da tsinke, ya shafa a guntun kwano ya kara a jikin motar. Mai fesawa daban ne, sunansa Taufiƙ, mutum mai 'ya'ya biyar da furfura a gemu, shekararsa goma sha takwas a garajin, amma ko sau ɗaya Halilu bai taɓa barinsa ya haɗa ba. In an gama, da hantsi ake turo mota cikin rana, Halilu ya zagaya ta sau biyu ya ce, “A fita da ita.” In bai faɗa ba, ba ta fita.

Shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce abin ya fara. Wata farar mota ta fito da ƙofa kamar an jiƙa ta a shayi, Halilu ya zagaya ta sau biyu ya ce a fita da ita. Ma'aikata suka dubi juna, kowa ya sunkuyar da kai. Bayan mako biyu wani taksi ya fito da rawaya iri biyu. Yanar ido ce ta fara kama shi, irin wadda take zuwar wa manya a hankali, ba ciwo ba ƙaiƙayi, ta bar maka hanya da fuskokin mutane, ta fara da cinye launi. Shi bai sani ba. Ya dai riƙa ƙorafin cewa ranar yanzu ba ta da haske kamar ta da.

To wa zai faɗa masa? Taufiƙ a hannunsa ya koyi riƙe bindigar fesa fenti, kuma shi ya shige masa gaba wurin neman aure. Azumi shekara talatin da biyar da aurensu ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta ce masa idonsa ya gaza. Sai suka yi abin da mutanenmu suka iya. In Halilu ya haɗa fenti ya rufe gwangwani ya tafi azahar, Taufiƙ yakan ja alwala, ya buɗe, ya gyara, ya rufe. Mai walda kuma aka ba shi aikin tsare Shef a ƙofar masallaci da tambayoyin addini. Bawan Allahn nan cikin wata uku ya tambayi rabon gado da zakkar shanu, alhali ko akuya ba shi da ita. Har mai shayi ya shiga ciki. Shekara ɗaya da rabi motoci suna fita lafiya lau, Halilu yana zagayawa yana cewa, “Kun gani? Ko kamfanin da ya ƙera ta bai fi haka ba.” Kowa ya ce, “Haka ne, Shef.”

Ranar da asiri ya tonu, carbinsa Halilu ya manta ya dawo ɗauka. Ya tarar da Taufiƙ a tsugune, tsinke a hannu, gwangwani a buɗe. Ya tambaye shi me yake yi, Taufiƙ ya ajiye tsinken ya miƙe tsaye. Halilu ba mai zagi ba ne, amma abin da ya faɗa ya fi zagi ciwo: ya ce ashe shekara goma sha takwas yana kiwon mai jiran kujerarsa. Taufiƙ ya haɗiye, ya ce a yi haƙuri. Daga ranar in Halilu ya haɗa fenti sai ya tsaya a kai har an fesa, in salla ta zo ya kulle gwangwanin a ɗaki ya tafi da makulli.

Wata shida aka yi haka, motoci suna fita kamar an yi musu faci. Direbobi ma ba wanda ya buɗe baki. Mutumin da ya taɓa fitar maka da mota ran jajibirin salla ba ka duban idonsa ka ce ya ɓata aiki. Sai dai su karɓa su yi godiya, karo na gaba su wuce wani garajin. Rumfar da a da babu wurin ajiye ƙafa ta koma mota biyu, mota uku.

Labari ya kai Etoudi. Alhaji Mohaman Bello shi ma bai iya zuwa ya faɗa ba, Bafulatani ne, kunyarsa ta ninka tamu. Ana cikin haka wani bijimi ya ƙwace a kasuwar shanu ya soki ƙofar motarsa da ƙaho. Mota ce shuɗiya mai duhu, wadda in ba cikin rana ba sai ka ce baƙa ce. Ya aiko da ita ran Litinin, ya kira Taufiƙ a waya ya ce zai zo ɗauka ran Alhamis da la'asar, ya gani da idonsa. In ta fito daidai, shi ke nan. In ba ta fito ba, zai sallami Malam Halilu cikin mutunci, ya nemo wanda zai riƙe wurin.

Ran Talata ina rumfata ina auna wa wata mata yadi sai ga Azumi da Taufiƙ tare, abin da ban taɓa gani ba. Suka zayyana mini komai, Azumi tana magana tana murza bakin mayafi.

“Yaya Hansai, ke kaɗai ce za ki iya,” in ji ta. “Mu bakinmu ba zai ɗauka ba. Ke kuwa ba abin da ba kya faɗa wa Malam.”

“Wallahi Hajiya, na ga abin da ya fara haɗawa,” in ji Taufiƙ. “Nuwar ne, baƙi ƙirin. In ya hau motar patron Alhaji, se fini, an gama.”

Na ce su kwantar da hankalinsu, wannan ai aikina ne. Har da 'yar fara'ata, Allah ya yafe mini. Shekara hamsin ina ce wa mutum makaho a kan ƙarya, yau ga gaskiya ta biyo ni har rumfa.

Ran Laraba da hantsi na sauka garajin. Na tarar Halilu ya gama buga ƙofar, ya miƙar da ita sumul, kai ka ce ƙaho bai taɓa ta ba. Hannun nan dai yana nan yadda yake. Na tsaya a tsakiyar rumfa na ɗaga murya.

“Makaho! Idonka ya mutu, kowa ya sani sai kai. Fentin da kake haɗawa ko jaki ba zai yarda a shafa masa ba.”

Ko ɗagowa bai yi ba. “An fara,” ya ce. “Yau ba ciniki a kasuwa ke nan. Ku ba ta kujera kada ta faɗi, ƙafafun sun tsufa.”

“Da gaske nake, Halilu. Yanar ido gare ka. Ka je asibiti.”

“Bara kin ce kurma ne ni. Bara waccan kin ce kaina ya fi tayar tirela. Gobe me za ki kawo, kuturta?”

Ma'aikata suka yi dariya, irin wadda ake yi don an saba. Na zaro ƙyalle biyu na shadda daga jaka, ɗaya baƙi ɗaya shuɗi mai duhu, na shimfiɗa a kan mota na ce ya nuna mini baƙin. Ya dube su, ya dube ni, ya yi murmushi.

“Na san ki, Hansai. Duk biyun iri ɗaya ne. In na nuna ɗaya ki tara mini unguwa. Ba da ni ba.”

Ya ninke su ya miƙo mini, ya ce in kai wa wanda zan cuta.

Na hau gangaren nan ina huci, ban san wa nake jin haushi ba. Sai da na kai gida na zauna na gane ni ce. An ba ni izinin faɗa wa Halilu duk abin da na ga dama, ni kuma na ƙarar da izinin a kan girman kansa da gajartar wandonsa. Ranar da nake buƙatar ya ji ni, maganata ba ta da sauran nauyi a kunnensa. Na yi tunanin in tura masa liman, na ga kafin liman ya gama kewaye-kewaye an fesa mota har ta bushe. Tsoro ya kama ni sosai, domin na san Halilu. In aka karɓe garajin nan a hannunsa bai san laifinsa ba, ba zai sake miƙewa ba.

Ran Alhamis da sassafe na yi wanka na yafa babban mayafi, na bar jaka a gida. Na isa sun buɗe ke nan. An lulluɓe gilasan motar Alhaji da tsofaffin jaridu, Taufiƙ yana wanke bindigar fesawa fuska a murtuke, Halilu yana tsugune yana juya gwangwani. Ban shiga ba. Na tsaya a bakin rumfa na yi sallama, na tuɓe takalmi, na durƙusa a kan jar ƙasar nan mai baƙin mai.

“Yaya, ina kwana. An tashi lafiya? Ya iyali?”

Guduma ta tsaya. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa. Halilu ya juyo yana murmushi, yana jiran inda zan sare shi. Na ci gaba da durƙuso, idona a ƙasa. Murmushin ya ɗan jima a fuskarsa, sannan ya gushe. Ya miƙe tsaye, tsinken yana ɗiga a kan takalminsa.

“Wa ya rasu?”

“Ba wanda ya rasu, Yaya. Izini nake nema in yi magana da kai a gefe.”

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Halilu kamar na ranar ba. Muka zaga bayan rumfa inda aka jingine wata tsohuwar kujerar mota, ya zauna, ni na zauna a ƙasa. Na gaya masa ba ƙari ba ragi: farar motar, taksin, alwalar Taufiƙ, tambayoyin mai walda, direbobin da suka gudu, da abin da Alhaji ya ce zai yi yau da la'asar. Na ce ƙyallen jiya ɗaya baƙi ne ɗaya shuɗi, na rantse masa da Allah, abin da ban taɓa yi masa ba. Bai katse ni ba sai da na kai ƙarshe.

“Tun yaushe?”

“Shekara biyu.”

“Wa da wa suka sani?”

Nan ne na so in yi ƙarya, ban yi ba. “Kowa, Yaya.”

“Har mai shayi?”

“Har mai shayi.”

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce a hankali, kamar ba da ni yake ba, “Ni kuwa ina ta ce musu kun gani.” Na ga hawaye sun taru masa, na kau da kai na bar shi ya share da hularsa. Nawa kuwa zuba suke yi, ban ɓoye ba.

Da muka dawo ya ɗauki gwangwanin ya miƙa wa Taufiƙ a gaban kowa.

“Wane launi ne wannan?”

Taufiƙ ya dubi ƙasa. “Shef…”

“Kai nake tambaya, Taufiƙ.”

“Baƙi ne, Shef.”

“Motar fa?”

“Ble fonse ce. Shuɗiya mai duhu.”

“To ajiye wannan, haɗa wani.” Ya zaro makullin ɗakin fenti ya ba shi. Sannan ya cire hula ya ce, “Maganar kujera da na faɗa maka, a gaban mutanen nan na faɗa, a gabansu nake janyewa. Ka yafe mini.” Taufiƙ mai 'ya'ya biyar ya rufe fuska da hannun riga. Halilu ya juya wajen mai walda ya ce, “Kai kuma daga yau in kana da tambayar gado ka je wurin liman.” Ba wanda ya san ko ya halatta a yi dariya, sai da shi ya fara.

Da la'asar Alhaji ya zo. Ya zagaya motar, ya duba ƙofar ta nan ya duba ta can, fuskarsa ta saki, ya ce madalla, ya buɗe zai shiga. Da Halilu ya yi shiru da magana ta wuce. Sai ya riƙe ƙofar.

“Alhaji, bugun nawa ne, fentin ba nawa ba ne. Taufiƙ ya haɗa. Idona ya daina ganin launi, yau aka gaya mini. In wani za ka ba wurin, ba ka zalunce ni ba.”

Alhaji ya dubi sama, ya dubi takalminsa, ya gyara hula. Wallahi ya fi Halilu jin kunya.

“Mi nani, Malam Halilu, na ji,” ya ce. “Ni da na aiko mota maimakon in zo da bakina, wa zan sallama? Ka je a duba idon. Wurin zai jira ka.”

Aka yi masa aiki a ido ɗaya, bayan wata guda aka yi ɗayan. Taufiƙ ya riƙe garaji har ya dawo, kuma Halilu ya tarar ba abin da ya rushe, wanda ya faranta masa rai ya kuma ɗan ɓata masa. Ya bar wa Taufiƙ haɗa fenti har yau, sai dai yakan tsaya a bayansa, in ɗigo ya yi yawa ya yi gyaran murya.

Abin da ya hana shi sakat shi ne motocin nan na wata shida, da yanzu yake ganinsu tarwai suna yawo da sunansa a gari. Kowace safiya in ya raba aiki sai ya sa baƙin tabarau ya hau mahaɗar titi kusa da masu soya, wato masu tsire, ya tsaya cikin masu jiran taksi. Kowa yana kiran inda za shi, wannan Mokolo, wancan Etoudi, shi kuwa in ya hango ƙofar da ta saɓa da jiki sai ya ɗaga hannu ya ce, “Garaji! Kyauta!” Ta haka ya dawo da goma sha tara aka sake musu fenti, wasu direbobin da suka gudu ma suka biyo baya. Mutum ɗaya ne ya ƙi, ya ce da ƙofar nan matarsa take gane motarsa tun daga nesa ta ɗora ruwan shayi.

Garaji ya tsira, amma ni na yi asara. Tun ranar Alhamis ɗin nan Halilu gaishe ni yake yi. “Hajiya Hansai, an tashi lafiya? Ya kasuwa?” Har da ɗan rusunawa. Ni ma na buɗe baki in kira shi da sunan nan na da, harshena ya ƙi. Wata uku muna gaisawa kamar surukai. Ban taɓa zaton zan yi kewar zagi ba, amma na yi, har abinci ya daina yi mini daɗi.

Ran wata Litinin na ɗaura zani kore shar, na sa riga ruwan goro, na kafa ɗankwali ruwan hoda, ni Hansai da amare suke zuwa in zaɓa musu kaya. Na biyo ta mahaɗar na gaishe shi. Ya amsa da ladabi, ya mai da ido kan titi. A kasuwa maƙwabciyar rumfata ta tambaye ni ko gobara aka yi a gidana. Ran Talata na ƙara da jan gyale. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, na ga leɓensa ya motsa, ya danne, ya ce Allah ya ba da kasuwa. Ran Laraba na rataya jaka rawaya, irin rawayar taksi, na gaishe shi na wuce. Na yi taku kamar goma sai na ji muryarsa a bayana, da ƙarfi, yadda duk titin zai ji.

“Ke Hansai! Tsaya nan. Wane garajin ne ya yi miki wannan aikin? Kawo ta gobe da hantsi mu kankare mu sake. Amma ban yi alkawari a kan lotsar ba, ta tsufa da yawa.”

Masu soya suka kwashe da dariya, masu jiran taksi suka juyo. Na juya na buɗe baki in rama, sai kuka ya riga ni. Na tsaya a bakin titi cikin kore da ja da rawaya ina kuka ina dariya, mutane suna kallona. Sai da na kai rumfa na zauna sannan na tuna abin da ya kamata in ce masa, na ajiye shi sai da safe.